Rigar Gorar Fura da Nono: Yadda Wani Kamfani a Sakkwato Ya Koma Ledar PETG

Kamfanin ƙarami ne, yana wajen Arkilla a cikin garin Sakkwato. Fura da nono yake damawa ya ɗura a gorar roba, sai kuma yogot zalla. Mai shi wata Hajiya ce da ta fara da firiji ɗaya a cikin gida, ƙanenta ne ke riƙe da sayayya. Ni sana'ata kafa injinan ɗuri da na naɗe kaya da gyaransu, ta nan na shiga maganar. Ban sa sunan kowa ba, har da waɗanda suka sayar musu da kaya, domin abin da ya faru zai iya faɗa wa duk mai irin wannan sana'a daga nan har Gusau da Birnin Kebbi.

Da farko sitikar takarda suke liƙawa. Kayan Hajiya kuwa ba a kan kantar babban kanti suke ƙarewa ba. Yara ne ke ɗauka cikin kula da ƙanƙara, su zaga tashoshin mota da bakin Babbar Kasuwa, wasu har Illela ranar kasuwa. Kafin azahar ƙanƙara ta narke, goruna na iyo cikin ruwa, sitika ta jiƙe ta saɓule, ta tafi da lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya. Ga kuma masu tsince gorunan da aka sha, su ɗura nasu damun su murɗa murfi, mai saye ba shi da yadda zai bambance. Wannan ne ya sa aka yanke shawarar komawa leda mai tsukewa: riga ce ta leda da aka buga wa zane, a zura wa gora, a ba ta zafi, ta tsuke ta bi jikin gorar tun daga gindi har kan murfi. Ruwa ba ya cire ta, kuma ba a buɗe murfin sai an yaga ta.

Shawara ce mai kyau. Inda aka samu tangarɗa shi ne irin ledar. Sun sayi irin ledar robar da ake kira PVC, don ita ce mai araha kuma ita ce a ko'ina, sai ta ba su matsala biyu. Ta farko tun ranar farko ta bayyana: rigar tana kama cikin gorar tsaf, amma a wuya sai ta tsaya a buɗe, bakinta a tattare. Ta biyu sai da bazara ta shigo. A watan Afrilu aka buɗe sabon katan daga sito, riguna suka ƙi shiga gora. Yara na turawa suna yagewa. Ranar da na je, Hajiya ta miƙo min guda ɗaya ta ce, "Injiniya, duba min wagga leda. Gorar ba ta ƙara ƙiba ba, ita kau ta ƙi shiga."

Lissafin gora

Abin da na fara ɗauka rula ce da zare, ba takardar masu sayar da leda ba. Gorar Hajiya ƙirar goran duma aka yi mata, ciki fanƙeƙe, wuya siriri, kuma wannan ƙira ita ce alamarta a kasuwa, ba ta son ko a taɓa zancen canza ta. Faɗin cikin milimita 70 ne, kewayensa ke nan kusan 220. Dole riga ta ɗan fi haka kafin ta zuru, don haka an ɗinke ta a kan 224. Wuyan kuwa milimita 28 ne, kewayensa 88. Kenan a wuya ana son leda ta sauko daga 224 zuwa 88, ta ajiye milimita 136, wato kusan kashi 61 cikin ɗari na faɗinta.

PVC da aka saba samu tana gajiya ne tsakanin kashi 50 zuwa 60. Ko an ƙona ta ba za ta wuce nan ba. Yaran suna ta ƙara mata wuta da na'urar hura iska mai zafi, wadda suke kira handiraya, suna zaton zafi ne bai isa ba, alhali ledar ta riga ta ba da iya abin da ke jikinta.

Matsala ta biyu ma lissafin nan ne ya bayyana ta. Sararin da aka bari tsakanin riga da gora milimita 4 ne kacal. Kashi 2 cikin ɗari na 224 ya ɗara haka. Leda mai tsukewa ba ta jiran sai an kai ta inji. Idan wuri ya yi ɗumi tana ja da kaɗan-kaɗan tun tana cikin katan. Masu ƙera ta galibi suna cewa a ajiye ta inda zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura digiri 40 a inuwa, sitonsu kuma rufin kwano ne babu silin. Ƙara da cewa kayan sun yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas a bayan mota ƙarƙashin tamfol. Ba sai ledar ta lalace ba. Ta ja kashi 2 kawai, shi ke nan an yi asarar katan.

Wace poliyesta?

Ƙanen Hajiya ya riga ya ji cewa poliyesta ce maganin abin, har ya riga ni. Ya taho da nadi guda daga Kano, mai sheƙi, garau, da arha mai ban mamaki. Mai sayarwar bai yi masa ƙarya ba, poliyesta ce. Amma irin wadda ake haɗawa a yi fakitin biskit da na madarar gari ce, wadda ake kira BOPET. Ita wannan bayan an miƙar da ita ana gasa ta a zafin da ya kai digiri 200 ko fiye, musamman don kada ta sake motsi. An yi ta ne don ta ƙi tsukewa.

PET, asalin wannan poliyesta, wato robar da ake gorar ruwa da ta lemo da ita, a Ingila aka fara yi mata rajistar ƙirƙira a 1941. Halinta shi ne idan ta sha zafi ƙwayoyinta sukan jeru su ƙanƙame, su tsaya cak. Don a samu mai tsukewa sai aka sauya wani kaso na sinadarin gilaikol da ke cikinta da wani mai girman jiki, wanda aka fi sani da CHDM, shi kuma ya hana ƙwayoyin jeruwa. Wannan ita ce PETG. Kamfanin Eastman na Amurka da SK Chemicals na Koriya ta Kudu suna cikin manyan masu yin ɗanyen robarta. A masana'anta ana ɗumama ledar, a ja ta ta gefe ɗaya har ninki huɗu zuwa biyar, a sanyaya ta tana miƙe. Kamar robar danƙon harbi ce da aka ja aka daskarar da ita a haka. Zafi na taɓa ta sai ta nemi komawa yadda take. Shi ya sa mai ƙarfinta ke tsukewa kashi 75 zuwa 78 ta faɗi, ta tsawo kuwa ɗan kaɗan.

Akwai leda mai tsukewa ta uku bayan PVC da PETG, ana kiranta OPS. Tana kai wa wajen kashi 70, tana tsukewa a hankali da laushi, ga ta mara nauyi. A ƙasa mai sanyi da ita zan fara ba da shawara ga mai ƙaramin inji. Amma duk cikinsu ita ce ta fi rashin jure ɗumin ajiya. A garin da ya riga ya cinye mana katan na PVC, ban ɓata lokaci a kanta ba, samfur ɗaya kawai na sa a gwaji don Hajiya ta gani da idonta.

Gwajin tukunya

Ba a buƙatar ɗakin bincike don wannan. Tukunyar ruwa, risho, ma'aunin zafi, rula da agogon waya. Muka yanka kowace leda murabba'i, milimita 100 kowane gefe, muka ja kibiya da maka don kada a rikita faɗi da tsawo. A tsoma cikin ruwa daƙiƙa 10, a ciro, a jefa cikin ruwan sanyi, a auna. Muka yi a digiri 60, 70, 80 da 90. Tsarin da masana'antu ke bi ke nan, illa dai nasu kayan aikin sun fi namu tsada.

Nadin Kano ya fito daga ruwa mai digiri 90 yadda ya shiga. Ƙanen Hajiya ya juya shi, ya sake tsomawa da kansa, ya ciro, bai ce komai ba. PVC ta tsaya a wajen milimita 45. PETG a digiri 60 da ƙyar ta motsa, a 70 ta fara ja sosai, a 80 ta riga ta yi yawancin tafiyarta, a 90 murabba'in nan ya koma ɗan siririn zirin da bai wuce milimita 25 ba. Wannan saurin da take yi tsakanin 70 da 80 a riƙe shi, don shi ne ya zo ya ba mu wahala daga baya.

Gwaji na biyu na gane jabu ne, domin a ido PVC da PETG kusan ɗaya suke. A samu wayar tagulla tsirara, a gasa ta a harshen wutar gas har ta yi ja, a dangwala a leda, a mayar cikin wuta. Idan wutar ta yi kore shar, akwai kulorin a ciki, PVC ce. PETG ba ta da shi. A waje ake yi, kuma kada a shaƙi hayaƙin. Cikin samfuran da aka aiko mana da sunan PETG, guda ya ba da koriyar wuta. Daga nan maganar dillalin da ya aiko shi ta ƙare.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma ba wani mai sayarwa da zai yi maka shi. Muka auna faɗin riguna a kwance, muka rubuta a jikinsu, muka bar su a saman kanta cikin siton nan mai rufin kwano, a tsakiyar bazara. Da aka dawo aka sake aunawa, OPS ta fi kowa ja, PVC na biye da ita, duka biyun sun cinye sararin da aka bari. PETG ta motsa, amma tana shiga gora.

Abin da PETG ta zo da shi

Nan ne mutane ke tsammanin zance ya ƙare. Rigunan gwaji na farko da aka sa wa handiraya sun fi na PVC muni. PETG tana tsukewa da sauri kuma da ƙarfi. Gefen da iska ta fara bugu shi ke fizgar sauran, zane ya karkace, gindin riga ya ɗage sama, a bar tattara a kafaɗar gora wadda ba ta sake miƙewa. PVC tana yafe wa hannun da bai ƙware ba, wannan kuwa ba ta yafewa. Hajiya ta dubi gorunan ta ce, "Injiniya, ashe kuɗi munka ƙara don mu sayi wahala?"

Abin da take so tururi ne. Tururi yana lulluɓe gora ta kowane gefe lokaci guda, kuma yana isar da zafi fiye da busasshiyar iska ba tare da ya wuce digiri 100 ba. Don haka zaɓen leda ya jawo sayen ƙaramin injin tururi mai bel. Na dage a kan tukunyar tururin ta zama mai aiki da gas, saboda wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma dafa ruwa da janareta hanya ce ta ƙona riba. Bel ɗin kaɗai ke cin lantarki. Bututun tururin muka saita su hawa-hawa: na farko ya bugi gindi don riga ta kama ta zauna, na tsakiya ya bi ciki, na ƙarshe ya rufe wuya da murfi. Idan aka fara ta sama, riga hawa take yi ta bar gindi tsirara. Ruwan rijiyar burtsatsensu yana barin farin ɓawo a tukunya, shi ya sa aka koma zuba mata ruwan da suka tace don aikin yogot.

Ita ma gorar PET ce, kuma PET tana fara laushi a wajen digiri 70. Gora fanko mai siririn jiki idan ta shiga tururi, ga zafi ga matsin PETG, lotsewa take yi. Dole a sa riga bayan an ɗura an rufe, abin da ke ciki ya tokare ta. Hajiya ta ji tsoron nono zai ɗumama ya yi tsami. Muka huda murfin wata gora muka zura ma'aunin zafi, aka wuce da ita: 'yan daƙiƙoƙi ne, tsakiyar damun ko gezau. Sharaɗi ɗaya dai, daga inji sai ɗakin sanyi, ba a jibge su a ƙasa ana jiran a cika dozin goma.

Yanayi ma yana da nasa. Da damina gora mai sanyi tana zufa, riga ta manne a rabin hanya ta ƙi sauka, sai an sa fanka tana busar da goruna kafin zurawa. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙarau, leda ta riƙa mannewa da juna tana jan ƙura, kuma duk ƙurar da ta shiga tsakanin riga da gora ta zauna ke nan. Ba a buɗe jaka sai wadda za a yi aiki da ita a ranar.

Zane

Wannan ɓangare masu zanen kwamfuta na gari sukan raina shi. Abin da aka zana a shimfiɗe ba haka zai fito a gora ba. A ciki leda kusan ba ta tsukewa, a wuya kuwa fiye da rabinta ke tafiya. Ƙwaryar furar da aka zana kusa da wuya ta fito doguwa kamar an matse ta. Muka sa aka buga mana riguna masu layukan murabba'i zalla, muka tsuke su a gora, muka ga inda kowane gida ya matse, sannan mai zane ya faɗaɗa hotunan wuraren tun a kwamfuta. Lambar NAFDAC, jerin abubuwan da ke ciki da adireshi duk aka dawo da su tsakiyar ciki. Bakod, wato layukan nan da na'urar kanti ke karantawa, aka juya shi, layukansa suka kwanta kamar matakan tsani, domin ta tsawo leda ba ta cika ja ba, tazarar layukan ba za ta rikice ba. Aka bar ɗan fili ba fenti don buga ranar yi da ranar lalacewa.

Fenti ta ciki ake buga shi, leda ta kare shi daga gogayya cikin kula. Na sa aka shimfiɗa farin fenti a bayan zanen gaba ɗaya. Haske yana lalata sinadarin bitamin B2 na madara yana canza mata ɗanɗano, kuma kayan da ke yawo a ranar Sakkwato kowace kariya tana da amfani.

Kuɗi

Kilo da kilo PETG ta fi PVC tsada, farashin kuma yana bin dala. Amma gora ba kilo take sawa ba, riga ɗaya take sawa. Rigarmu kafin a ɗinke ta milimita 230 ce a faɗi, 170 a tsawo. PETG mai kaurin maikiron 45 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) tana ba da riga mai nauyin kusan giram 2.3, wato riguna wajen 435 a kilo. PVC da suke amfani da ita mai maikiron 50 ce, kusan giram 2.6, riguna wajen 380. Wannan ya rage tazarar, bai share ta ba. Abin da ya share ta shi ne katan ɗin Afrilu da aka zubar, da gorunan da ake yage wa riga a sake sawa. Dillalin ya so mu sauka maikiron 40 don a ƙara samun sauƙi. Na ƙi, saboda da hannu ake zurawa, leda mai laushi tana lanƙwashewa a yatsun yara tana cin lokaci.

Ƙanen Hajiya ya kawo shawarar tunda an samu leda mai kyau, a riƙa ɗaure dozin-dozin da ita. A'a. Wannan aikin ledar PE ce mai kauri, irin wadda ake ɗaure gorunan ruwa da ita. Tana da danƙo, tana ɗaukar jifa daga mota, kuma ta fi arha nesa ba kusa ba. PETG gefe ɗaya take tsukewa, kuma idan ta samu ɗan tsaga sai ta bi shi.

Bayan an sha

Masu sayar da PETG suna son cewa ita ce mai kare muhalli. Rabin gaskiya ce. Ta fi PVC, babu shakka: a unguwanninmu ƙona shara ake yi, PVC kuma idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai asid, sannan ɗan kaɗan daga cikinta yana ɓata buhunan PET da aka niƙa don sake narkarwa. Amma PETG ma ba ta da cikakken tsarki a nan. Masu sake sarrafa goruna da ruwa suke rarrabewa: murfi ya taso, PET ta nutse. PETG nauyinta ya kai kusan 1.3 a ma'aunin da ruwa yake 1, don haka tare da PET take nutsewa, da fentinta, kuma tana yin laushi tun kafin PET, ta dunƙule a injin busarwa. Akwai sabon nau'i da aka yi don a niƙa shi tare da gora, amma sai da fenti mai wankuwa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin kamfani irin wannan.

Abin da muka iya yi shi ne huji. Layi ɗaya ya zagaye ƙasan murfi don a gane idan an buɗe, layi biyu kuma suka sauka daga sama har gindi, yadda ja ɗaya zai cire rigar duka. 'Yan bola jari suna samun gora tsirara wadda ta fi daraja wurin masu auna kilo. Hajiya kuma ta ga nata amfanin a wani wuri dabam: gorunanta suna komawa hannun masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa, kuma ba ta son sunanta da lambarta su ci gaba da yawo a kan abin da ba ita ta dafa ba.

Abin da aka tsayar a ƙarshe: PETG mai tsukewa kashi 75 ko fiye, maikiron 45, an ƙara faɗin riga da milimita 2 saboda ɗumi, kuma an rubuta a takardar oda cewa za a yi gwajin tukunya da na tagulla kafin a biya ragowar kuɗi. Ragowar PVC mai kyau aka ƙarar da ita a ƙaramar gorar yogot mai miƙaƙƙen jiki, wadda ba ta neman tsukewa mai yawa.

Ajiya ce har yanzu ke buƙatar sa ido. Masu buga irin wannan riga kowace kala da nata silindar ƙarfe, don haka ba sa karɓar ƙaramar oda, abin da za a kawo sai ya ratsa bazara guda kafin ya ƙare. Aka tsara kaya su riƙa isowa a Disamba ko Janairu, lokacin da hanya ba ta da zafi sosai. Aka fitar da su daga siton kwano aka mayar ɗan ɗakin da ke gaban ɗakin sanyi, a kan katako, ba a cikin ɗakin sanyin ba don kada su yi raɓa idan an fito da su. An rataye ma'aunin zafi a bango, kuma duk katan da za a buɗe sai mai kula da sito ya auna faɗin riga uku ya rubuta a littafi kafin a kai wa yara.